Man Hajara a Cikin Injin Bitrus

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Duba-gari na yankinmu,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali. Ni ne Ɗanladi mai gyaran kwado, na Unguwar Dosa. Ban yi boko ba. Mai rubuta wasiƙa na bakin gidan waya ne ke rubutawa, na kuma hana shi gyara mini magana. Na zo ofishinka, yaranka suka yi mini dariya, shi ya sa na kawo maganar cikin jarida.

Na farko. Tun da wahalar man nan ta tsananta, maƙwabcina Bitrus mai injin niƙa ya daina bin layin gas. Yana bin gidajen abinci da masu tuya yana tara tsohon mai, ya tace shi da tsumma, ya dafa da soda da wani ruwa mai warin asibiti, ya bar shi ya kwanta. Na sama ya zuba wa inji, na ƙasa, baƙi kamar maɗi, ya ba masu sabulu. Injin kuwa yana tashi. Ban ce ba shi da basira ba, kuma mun daɗe muna zaman lafiya.

Na biyu. Matata Hajara, Allah ya jiƙanta, ƙosai take soyawa a ƙofar gidana tun zuwanmu garin nan. Ba ta taɓa zubar da mai ba. Kullum sai ta rage na jiya ta ƙara sabo a kai, ta jefa kanumfari da ɓawon lemo. Uwar mai take kiransa. Da ta rasu na rufe gwangwanin na tura ƙarƙashin gado. Bayan Babbar Sallah matar ɗana ta zo shara, ta ɗauke shi ta miƙa wa Bitrus, wai datti ne. Ba wanda ya tambaye ni.

Na uku, kuma nan ne maganar. Bututun hayaƙin injin nan, zaurena yake kallo. Washegari da hantsi ina zaune, sai na ji ƙanshin ƙosanta, da kanumfarin da komai. Har na miƙa hannu ta dama, inda take zama ta ajiye mini nawa.

Gwangwani ɗaya ne, ranka ya daɗe. Bitrus da bakinsa ya ce wannan mai ya ƙone tun ranar farko, yanzu na masu kifi yake zubawa. To damina ta shigo ta fita, ƙanshin bai tafi ba. Kajin unguwa sun koma taruwa daidai inda murhunta yake, suna tona ƙasar da babu komai. Malam Sule makaho, wanda ya halarci jana'izarta, ya tsaya a ƙofata ya yi mata sallama da sunanta, ya miƙa kwano, ya daɗe a tsaye. Ni dai ban amsa ba, amma da zai tafi sai na ji ya yi godiya.

Na huɗu. Ɗana Lawal ya ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Yana shirin kwashe ni zuwa gidansa a Kawo, ya zuba 'yan haya a ɗakinta. Ni da na ɗora tubalin gidan nan da hannuna! Ba inda za ni. Amma ya ce in wani mai hankali ya shaida, zai ƙyale ni, shi kuwa makaho ba ya cikin lissafinsa.

Abin da nake roƙo: a sa Bitrus ya juya bututunsa ya kalli fili. A dawo mini da gwangwanina ko da babu komai a ciki. Kada a rufe masa inji, unguwa na niƙa a wurinsa.

Sannan ka zo da kanka, kada ka aiko yaro. Ka zo ranar Lahadi da hantsi, lokacin da Bitrus yake coci, injin a kashe, an sa masa kwado. Ni na gyara kwadon, na san ba ya buɗuwa. A ranar ƙanshin ya fi ƙarfi. Zan shimfiɗa maka tabarma, sai dai kada ka zauna ta hannun damana.

Allah ya ƙara maka girma, ya sa ka gama da iyalinka lafiya, ya jiƙan namu da suka riga mu, ya kwantar da su wuri ɗaya.

Wassalam.
Ɗanladi mai gyaran kwado.