Gawon Gonar Dayi

Zuwa ga ƙanena Sabi'u,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya iyali, ya zaman Legas? Da fatan matarka Hajara ta ji sauƙin ƙafar. Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi.

Bayan haka, an cika umarninka. Ka ga hoton gonar marigayi Baba ta Dayi a waya, ka ce a sare busasshen icen, a bar mai ganye. Kafin labari ya iso ni Malumfashi, an kayar da gawo, an bar bagaruwa.

Ashe har ka manta? Dukansu ƙaya gare su, amma bagaruwa da damina take ganye, inuwarta ta kashe dawa. Gawo kuwa da damina yake zubar da nasa, ƙasa ta samu taki, da rani ya ciyar da awaki. Ko jikata Ummi ta san wannan.

Na kai Inna ta ga kututturen. Ta daɗe tana shafa shi, sannan ta ce, "Wane baƙo ne ya yi mana haka?" Na ce, "Baƙo ne, Inna."

Ka sa ta a addu'a, tun ranar ba ta cin abinci sosai. Gai da Hajara da yara. In za ka zo da rani, ka taho da inuwarka.

Yayarka,
Talatu