Ba Zan Cire Hauwa Ba

Ɗana Bashir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Maryam da jariri. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Maitumbi sai godiya.

Na ji saƙonka cewa in cire 'yarka Hauwa daga ajin yoga na Malama Ladi. Mutumin kirki ba ya hukunta abin da bai gani ba, don haka na je da kaina. Ban tarar da tsafin da kake tsoro ba. Yara ne a kan tabarma, suna miƙe jiki a hankali, suna jan numfashi suna saki. Matar nan ba tsawa, ba bulala, amma ajin tsit. Ta burge ni.

A hanyar dawowa mai keke ya wuce layinmu, na hau shi da faɗa. Hauwa, mai jifa da kwano in an taɓa ta, ta riƙe hannuna ta ce, "Hajiya, ja numfashi uku tukuna." Na ja, faɗan ya tafi.

Ba zan cire ta ba. Kai da ka gaji zafin zuciyata, ja naka ukun kafin ka kira ni.

Ka gaida Maryam, ku sa mu a addu'a. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka.