Binne Kafin Ruwa

Inna,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya ƙafar taki? Ki gaida mutanen Wagini.

Ina lafiya, sai dai rana a nan Norway leƙowa kawai take yi ta koma. Bana ma ba zan samu zuwa ba.

Ran Lahadi a coci aka jera kyandir huɗu, aka kunna ɗaya tak, sauran sai mako-mako har Kirsimeti. Inna, tsigar jikina ta tashi! Na tuna Baba yana binne gero a busasshiyar ƙasa, ko gajimare babu, ina cewa asara ce. Ya ce, "Mai ruwan ya riga ya yi alkawari."

Ashe jira ma ibada ce. Ki ci gaba da share ɗakina.

Ɗanki,
Istifanus