Jarumin Yaya Nasiru

Gusau, daren Laraba, damina 1999

Na gaji. Yau ma gardama muka sha a shagon kwamfuta kan wasanmu na intanet. Sanusi ya taso tun daga Tsafe don ya ce mu koma sabon wasan mai hotuna.

"Wannan ya mutu, Habu," in ji shi. "Kowa ya watse. Mi munka tsaya yi?"

Gaskiyarsa ce. Ɗazu na zaga garin wasan kaf, ban haɗu da kowa ba. Sai dai jarumin da nake wasa da shi, marigayi Yaya Nasiru ne ya gina shi, ya sa masa sunansa. Sabon wasan kuwa ba ya karɓar tsofaffin jarumai.

Na ce su tafi. Ni dai ba zan iya barinsa can shi kaɗai ba.