Baba Ya Ƙi Rage Sauti

Kure, 20 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Chiharu,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata zafin Yokohama bai narkar da ku ba, ke da maigidanki. Ni lafiya lau, gwiwa ce kawai take kuka kamar tsohuwar ƙofa.

Ki yi haƙuri da rubutun, kin san aji tara na yi, ranar da na bar makaranta malamai ne suka yi biki. Na ji tsoho Hatanaka, shugaban unguwa, ya kawo miki ƙarata. Bai yi ƙarya ba. Bara da Obon, bikin tunawa da mamata, na kunna faifan garmahon nan har kwanukansa suka yi rawa a kanta. Bana ma zan kunna. Kowa yana hura wuta a ƙofar gida don mamatansa su gane hanya, ni da jita nake kiran uwarki.

Ina ɗan sha tara na saye shi, ina walda inda ake ƙera jiragen ruwa. Mawaƙan samari huɗu ne masu gashi kamar tsintsiya, faifansu na farko kenan. Kafin in ji shi, ko kare ya yi mini haushi rusunawa nake. Washegari oganmu ya kira ni jaki, na ce, "Ranka ya daɗe, jakin ne ya haɗa jirgin da kake taƙama da shi." Tun daga ranar bayana bai ƙara lanƙwasuwa daidai ba.

Ki riƙa cin abinci.
Ubanki, Kuniaki

Yokohama, 27 ga Yuli

Baba,

Ina gaishe ka cikin ladabi, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Wannan ba maganar wasa ba ce. Gida goma sha ɗaya suka buga hatimi a takardar ƙarar. Idan ka sake, hukumar gidaje za su kai wa, a karɓe gidan, tunda na hukumar ne. Na gyara maka ɗaki a nan, sai dai bangonmu kamar takarda yake, faifai ba zai biyo ka ba.

Ka yafe mini, dole in faɗa. Mama ba ta taɓa son faifan nan ba. Shekara arba'in tana cusa auduga a kunne, ta ce kada in gaya maka. Ba kiranta kake yi ba, Baba, korarta kake yi.

Ka kula da kanka.
'Yarka, Chiharu

Kure, 3 ga Agusta

Chiharu,

Gaisuwa. Wasiƙarki ta sa na yi dariya har haƙoran robana suka faɗa cikin miya. Wa kike zaton yake sayo audugar?

Da zarar na ɗora allura, tun mai ganga bai shigo ba, sai ta leƙo daga kicin: "Kai tsohon banza, kurmanta mu za ka yi?" In ce, "Me kika ce?" in ƙara murɗawa. Uwarki Sumie ba za ta taso daga lahira don 'yar wuta a ƙofa ba, ladabi bai taɓa motsa ta ba. Amma ta ji wannan hayaniya ta kwanta shiru? Ina! Shekara uku kenan ba wanda ya zage ni a gidan nan. Minti talatin da takwas, tsawon faifan, nake roƙo a shekara.

Jiya na kai wa Hatanaka kankana. Ya ce, "Kuniaki, doka doka ce." Na ce, "To dawo da kankanata." Ya rufe ƙofa da ita a hammata.

Su karɓi gidan. Zan zauna a bakin titi in ja wayar lantarki daga ɗakin Hatanaka. Ɗakin da kika gyara kuwa, na gode, ki zuba tarkace.

Ki gai da maigidan.
Ubanki mai kunnen ƙashi

Yokohama, 8 ga Agusta

Baba,

Gaisuwa. Na sayi tikiti, ranar sha uku, farkon Obon, zan iso da la'asar. Na rubuta wa Hatanaka cewa ubana ba inda za shi, mai magana ya same ni a ƙofa.

Kada ka kunna sai na shiga kicin. Kowa ya ce muryar Mama na gada.

Sai na zo.
Chiharu