Hulunan Ɗan Romaniya

Zuwa ga ɗana Abba, wanda 'yan unguwa ke kira Romaniya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. A makaranta an koya mana idan za ka rubuta wasiƙa sai ka ce, ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Na ɗora biro a kan wannan layin na kasa, don ban san yadda ake tambayar lafiyar wanda ke inda kake ba. Mu dai muna nan unguwar Daɗin Kowa a Jos, mun gode Allah. Ƙanwarka Hadiza ta ce za ta kai wa masu jarida wannan takarda. Na ce ta kai, don akwai maganar da nake so mutane su ji tare da kai.

Tun ranar da ka shiga kududdufin kuzar nan ban karɓi gaisuwar kowa ba. Kawunka ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, na fito na naɗe su da hannuna. Mata sun shigo suna ce mini ya haƙuri, na ce musu haƙurin me, wa kuka ga an binne? Yau shekaru ke nan, kuma duk wanda ya zo da wannan kalma a bakinsa sai ya haɗiye ta ya tambaye ni sanyi. Bari in gaya maka abin da ya hana ni.

Ka san sana'ata. In je kasuwar Laranto in zaɓo tsofaffin rigunan sanyi na gwanjo, waɗanda asu ya ci ko hannu ya yage, in zo in warware su in dunƙule zaren, in saƙa huluna da safa. Kai ne ke miƙa mini hannuwa ina naɗe zare a kansu tun kana ƙarami, har ka yi gemu kana gyaran wayar mota ba ka daina ba.

Shekarar da aka yi gasar ƙasashen Turai ka dawo daga gidan kallon ƙwallo da rana tsaka, ko takalmi ba ka cire ba. Ka ce ka ga wani ɗan wasan gaba na ƙasar Romaniya, siriri kamarka, mai rawayar riga. Ka ce, “Umma, ba ya gudun banza. Laɓewa yake yi a bayan 'yan baya kamar mage, sai dai kawai ki ga raga ta motsa.” Na ce to Allah ya ba shi abin yi. Sunansa ka maimaita mini har ka gaji, harshena ya ƙi ɗauka. Ni dai mutumin Abba nake ce masa.

Rawayar hula ka fara roƙo, ta ƙasarsu. Sai ja, ta kulob ɗinsa na gida. Ban gama murnar na huta ba ka zo ka ce an saye shi zuwa Italiya, yanzu shuɗi yake sawa. Na ce mutum ake saya kamar rago? Ka ce, “Umma, da ni za a saya haka, da kin daina shaƙar ƙurar gwanjo.”

A Italiya bai ji daɗi ba. Ka ce koci ya ajiye shi a benci, har kai ma ka rame don tausayi. Daga nan suka ba da shi aro ga wata ƙaramar ƙungiya mai kore da fari. Wannan ta fi ba ni dariya. Na ce aro kamar tukunyar biki? Idan ya fashe a hannunsu fa? Amma can ya dawo hayyacinsa, yana ci, kai ma kana ci a filinku na bakin kududdufi. Duk ƙwallon da ka jefa sai ka cire hular ka ɗaga ta sama. Abokinka Dung, golanku, ya ce da kai, “Romaniya, kai da mutuminka duka ɓarayi ne, satar gida kawai kuka iya.” Ka ce masa wanda raga ke zuba a bayansa kamar kwando ba ya zagin ɓarawo.

Lokacin da ƙasarsu ta kasa zuwa gasar duniya, ka ƙi cin tuwo. Lokacin da ya tafi Jamus ya ji ciwo a gwiwa, ka ce in sa shi a addu'a. Na ce ban san addininsa ba. Ka ce gwiwa ba ta da addini. Na sa shi.

Akwai ɗabi'arka guda da nake yawan tunawa. Ba ka taɓa karɓar sabuwar hula ba sai ka dawo mini da tsohuwar. Ka naɗe bakinta ninki biyu, ka cusa ƙoƙon ciki, ka ajiye a kan kwandon zarena ka ce, “Ga kayanki, a warware, kada a yi asara.” Babu wanda ke naɗe hula haka a gidan nan sai kai.

Ranar da abin ya faru, da la'asar ce. Dung ya ce ƙwallo ta faɗa ruwa, ka ce ai kusa take, ka shiga ɗauko ta. Ƙwallon ta dawo bakin gaɓa da kanta, kai ba ka fito ba. Masu ninƙaya sun shiga har suka gaji, suka ce ƙasan ramin rami ne a cikin rami, tun zamanin da ake haƙar kuza. Kakanka, wanda ka ci sunansa, yana cikin waɗanda suka kwashe ƙasar wurin da kwano a ka. Hular Jamus ce a kanka, baƙi da ja. Ita ma ba a gan ta ba.

Na daina saƙa. Kwarashina ya yi tsatsa a cikin kwando.

Wata safiya ina zaune a tsakar gida ina jin rana, sai na ga hannuna a cikin kwandon. Ban yi niyya ba, Abba. Na zaro ruwan goro na zaro baƙi, launukan da ban taɓa haɗawa ba, na fara hula daidai kanka. Kafin azahar na gama. Bayan 'yan kwanaki Dung ya tsaya da acaɓarsa ya gaishe ni, kamar yadda yake yi har yau. Ya ce, “Mama, mutumin Abba ya warke, ya koma Turkiyya.” Na ce wace irin riga suke sawa can? Yana cikin gaya mini idonsa ya sauka a kan hular. Bai ƙarasa ba. Ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, ya ce, “Mama, wa ya gaya miki?”

Ni ba na jin rediyon wasanni, ba na shiga gidan kallo. Wa zai gaya mini in ba kai ba?

Na ɗauki hular na tafi kududdufin da hantsi. Ruwan yana nan kore shar, ba ya motsi, ko tsuntsu ba ya sauka a kai. Akwai wani faffaɗan dutse a gaɓar inda kuke ajiye takalma. Na ɗora ta a kai na dawo gida. Washegari babu ita. Na ce wa zuciyata makiyaya ne suka ɗauka, ko masu wankin babur, Allah ya sa ta yi musu maganin sanyi.

Na koma bayan kwana biyu. A kan dutsen akwai hula, amma ba wadda na kai ba. Baƙi da ja ce. Sharkaf take da ruwa, bakinta a naɗe ninki biyu, ƙoƙon a cushe ciki.

Ban yi ihu ba. Na duba gabas na duba yamma, babu kowa sai wata akuya can nesa. Na ɗauka na juya ta, na ga inda zare ya ƙare mini na ƙulla wani, ƙullin hannuna ne. Na sa ta cikin zani na kawo gida na warware, kamar yadda ka saba cewa. Zaren nan na shanya shi a rana har na gaji, ya ƙi bushewa. Warin laka yake yi.

Na je wurin malamin unguwa na gaya masa. Ya ce, “Hajiya, wanda ya tafi ba ya aiken hula. Ko dai shaiɗan ne ke wasa da baƙin cikinki, ko mutanen ruwa. Ki bar zuwa wurin.” Na ce to, Malam. Na san gaskiya ya faɗa. Amma ka gaya mini, wace uwa ce za a ce mata ɗanta na jin sanyi ta zauna?

Haka muka ci gaba, ni da kai. Da aka sake kiran mutuminka ya buga wa ƙasarsu, rawaya hannuna ya ɗauka kafin Dung ya zo da labari. Da ya koma wata ƙungiya a ƙasarsu, ruwan toka na saƙa. Kowane lokaci in kai sabuwa, in dawo in tarar da tsohuwa a naɗe. Dung ya daina shigowa tsakar gida. Daga zaure yake ba ni labari, idonsa a ƙasa.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne dutsen. Da farko a busasshiyar ƙasa yake. Da damina ta zo ruwa ya kewaye shi, na cire silifa na taka zuwa idon sawu. Na ce idan rani ya yi zai janye. Rani ya yi bai janye ba. Zuwa na gaba ruwa ya kai mini gwiwa. Kuma ka san sanyin ruwan Jos da safe, yadda yake cizon ƙashi. Wannan ɗumi gare shi, Abba, kamar ruwan da nake sirka maka kana jariri. Idan na shiga ba na son fita.

Ranar da na kai ruwan toka, Hadiza ta gan ni na shigo gida zanina a jiƙe har ƙugu. Ga ta da tsohon ciki, ta zo wurina haihuwa. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta durƙusa da ƙyar tana matse mini bakin zani, ta ce, “Umma, ni ma fa ke kika haife ni.”

Watan jiya hannuna ya sake shiga kwando. Fari ya ɗauko. Na fara kamar kullum, amma da na kai inda ake rage ido don a rufe ƙoƙon hula, yatsuna suka ƙi ragewa. Sai faɗi abin yake yi, yana tsawo. Farin zare ya ƙare, na je Laranto na tsince duk farar rigar sanyin da ke tebur. Mai gwanjon ya ce, “Mama, bargon amarya za a yi?”

Na aika aka kira Dung. Na ce wace ƙungiya ce mai fari zalla? Ya ce, “Mama, babu kulob. Ciwon gwiwar mutumin Abba ya dawo. Ya ce ya gama ƙwallo, ya yi sallama da mutane a filin garinsu.”

Sai na ce a raina, to, Abba likkafaninsa yake roƙo, wanda ban ba shi ba. Na yi kuka, amma har da sanyin zuciya a ciki. Da na gama na shimfiɗa shi a kan gado don in naɗe. Kai dogo ne, sai ka sunkuya kake shiga ɗakina. Wannan ba zai rufe ka ba ko zuwa ƙwauri. Na tsaya ina kallonsa. Sannan na hau gadon na kwanta a gefensa. Daga kaina zuwa tafin ƙafata, ko ɗan yatsa bai ragu ba.

Duk da haka na tafi, ba zan ɓoye maka ba. Na rungume shi na je da hantsi. Dutsen ya yi nisa, kansa kawai ake gani, kuma a kai ga hular ruwan toka a naɗe tana jirana. Na kiyasta da ido, ruwan zai kai mini wuya kafin in taɓa ta, ni da ban iya iyo ba. Na cire silifa ɗaya. Ɗumin ya taɓa yatsuna.

Abba, ni na raine ka. Kai ne wanda idan na ɗauko bokiti daga rijiya kake ƙwacewa kana cewa bayana zai yi ciwo. Ko kwalbati ba ka bari in tsallaka sai ka riƙe mini hannu. Na tsaya a wurin nan na tambayi kaina, yaron nan ne zai ajiye hula inda sai na nutse zan ɗauka? Na mayar da silifata.

Ban san wanda ke naɗe hulunan nan ba. Idan kai ne, ka yafe mini, na bar maka ta ƙarshen, ba zan zo in karɓa ba. Idan kuma ba kai ba ne, to Allah ya fi shi, kuma ya gama cin abin da zai ci a gidana. Farin na warware shi a ranar. Na ba Dung zaren ya kai wa matan cocinsu masu saƙa wa marayu.

Hadiza ta sauka lafiya, namiji. Ni ke yi masa wanka.

Na gaya wa kawunka ya fito da tabarmin nan. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan zauna a tsakar gida. Za a yi maka addu'a, a raba waina sadaka. 'Yan ƙungiyarku za su zo, da matan da na kora a wancan lokaci, ina roƙon su yafe mini. Duk wanda ya karanta wannan takarda kuma ya san ka, ko a fili ko a gareji, ƙofa a buɗe take. Idan suka ce mini ya haƙuri, zan amsa musu, Abba. Zan ce haƙuri sai ma'aiki, ɗana ya rasu.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka. Allah ya karɓe ka cikin shahidai kamar yadda aka yi wa wanda ruwa ya ci alkawari. Ya sa inda kake kwance ya zama mai faɗi da haske, ya raba ka da sanyi. Mutuminka kuma Allah ya ba shi lafiyar gwiwa, ya sa ka farin ciki shekaru bai ma san kana duniya ba. Mu da muka rage Allah ya kyautata namu zuwan, a lokacin da Shi ya ƙaddara.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka,
Umma