Rashin kunyar da zan yi wa Anti Balaraba

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi kamar yadda kika koya mini, ina fatan kina cikin rahamar Allah.

Maganar ƙanwarki ce ta sa na rubuto, Anti Balaraba ta unguwar Ladywood a Birmingham. An kira ta gwajin sankarar nono ranar Alhamis, wanda ake yi wa mata idan sun kai hamsin. Ta ce ba za ta je ba. Ta nemi tafinta mace mai jin Hausa, aka ce ba a samu ba, sai namiji ta waya. Kuma Umma, da muka je mata hutu na ga tana taɓa ƙarƙashin hammatarta in ta zaci ba mai kallo. Haka kika riƙa yi.

Ina tuna ranar da muka je wurin likitan unguwa a Rusholme, nan Manchester. Na miƙe zan bi ki ciki, kika yi mini nuni da in zauna. Ni ce 'yarki ta fari, ko sunana ba kya kira, balle ki buɗe jikinki a gabana.

Kika fito da maganin shafawa, kika ce, "Kafaɗa ce kawai."

Bayan rasuwarki Anti ta gaya mini cewa muryar namiji kika ji a wayar tafinta ranar nan, kika kasa ambatar wurin. Likita ya duba inda aka ce masa. Da aka gane sankarar nono ce, an makara.

Na tambayi asibitin, an ce ma'aikata mata ne kaɗai ke yi wa mutum gwajin, kuma zan iya raka ta. Na yi ta kiranta don in faɗa mata. Sai in gaishe ta, in tambayi yara, bakina ya yi nauyi, mu yi sallama.

Gobe Laraba. In an tashi daga makaranta zan hau mota zuwa Birmingham. Zan durƙusa a gabanta, in kira wurin da sunansa, in ce na ga hannunta. Wataƙila ta kore ni, ta ce ba ki ba ni tarbiyya ba. Amma ba zan dawo Manchester ba sai ta shiga ɗakin gwajin nan.

Ki yafe mini, Umma. Allah ya haskaka kabarinki, ya sa abin da ke jikin Anti ba komai ba ne, ya buɗe mini baki gobe.

'Yarki,
Nusaiba